Fam 28 a Wata, In Ji Talla: Yadda Farashin Intanet da Talabijin na Gida Yake Rikiɗa a Birtaniya

Wanda ya saba da tsarin Kano ko Maraɗi, inda za ka sayi datar wata guda ko ka biya kuɗin dikoda na wata guda, in ta ƙare ka ga dama ka sabunta ka ga dama ka haƙura, zai sha mamaki ranar da ya tashi ja wa gidansa intanet a Birtaniya. Can ba kasafai ake sayar da abin wata-wata ba, sai ga wanda ya yarda ya biya da tsada. Abin da aka saba shi ne kwantiragi na wata 18 ko 24. Ka sa hannu, ka ba kamfani izinin cire kuɗinsa daga asusunka na banki duk wata, shi ke nan an ɗaure ka. Ɗalibanmu da ma'aikatan jinya da suka tafi can a 'yan shekarun nan kusan duk sun bi ta wannan ƙofa, galibi a makon farko na kama haya, lokacin da mutum bai gama sanin gabas da yamma ba.

Abin da aka daɗe ana ce-ce-ku-ce a kansa shi ne, kuɗin da ake rubutawa da manyan lambobi a talla ba shi mutum yake biya har ƙarshe ba. Gida ɗaya, layi ɗaya, gudun intanet ɗaya, amma farashi huɗu. Akwai na talla, wanda ake janyo sabon mai saye da shi. Akwai wanda ake komawa a tsakiyar kwantiragi bayan ƙarin da ake yi duk shekara. Akwai wanda ake maka wa mutum idan wa'adinsa ya cika bai ce uffan ba. Na huɗun kuwa ba a rubuta shi ko'ina ba, sai ka buga waya ka ce za ka tafi sannan a fito maka da shi. Hukumar Ofcom, mai sa ido kan harkar sadarwa a ƙasar, ta shafe shekaru tana ƙoƙarin baje ukun farko a faifai, kuma ta taka rawar gani. Na huɗun har yau yana cikin duhu, alhali shi ne yake yanke hukuncin abin da mai sabunta kwantiragi zai biya.

Sai an san yadda kasuwar take sannan za a gane dalilin wannan ƙumbiya-ƙumbiya. Yawancin kamfanonin da mutum yake gani, irin su BT da EE da Plusnet da Sky da TalkTalk da Vodafone, kan wayoyin kamfani guda suke hawa a yawancin unguwanni, wato Openreach, wanda shi ma mallakin rukunin BT ne. Virgin Media yana da nasa wayoyin, sai kuma sababbin shiga irin su CityFibre da Hyperoptic da suke binne nasu a wasu birane. Tun da hajar kusan iri ɗaya ce, gasar sai ta koma kan lamba guda: nawa ne a wata? Mai neman intanet zai shiga shafin kwatanta farashi, ya jera su daga mai araha zuwa mai tsada, ya duba ukun sama. Kamfanin da ya faɗi gaskiyar kuɗinsa tun farko sai ya tsinci kansa a ƙasan jeri inda ba mai ganinsa. Saboda haka kowa ya karya farashin shiga, har da kyautar katin sayayya wani lokaci, da niyyar fanshewa daga baya. Shigo-shigo ba zurfi ke nan.

Wurin fanshewa na farko shi ne ranar da wa'adi ya cika. Kwantiragi ba ya ƙarewa a yanke maka layi. Intanet zai ci gaba da aiki, banki zai ci gaba da biya, rangwamen da aka yi maka ne kawai zai faɗi, a mayar da kai kan cikakken farashi. Mutane da yawa sukan shekara, wasu shekaru, ba su lura ba. A watan Satumban 2018 ƙungiyar Citizens Advice ta kai ƙorafi na musamman gaban hukumar kula da gasa a kasuwanni ta ƙasar, tana cewa ana cin tarar mutane saboda riƙon amana. Ta duba fannoni biyar, wato wayar salula da intanet na gida da inshorar gida da bashin sayen gida da asusun ajiya, ta ƙiyasta cewa masu zama da kamfani guda suna asarar kusan fam biliyan 4 a shekara. A wancan lokacin kusan kashi 40 cikin 100 na masu intanet na gida wa'adinsu ya riga ya cika suna zaune haka nan. Kuma wa ya fi zama haka nan? Tsofaffi, da marasa lafiya, da waɗanda Turanci a waya yake ba su wahala.

Amsar Ofcom ita ce dokar da ta fara aiki ranar 15 ga Fabrairun 2020. Dole kamfani ya aiko maka da sanarwa, ta wasiƙa ko imel ko saƙon tes, tsakanin kwana 10 zuwa 40 kafin wa'adinka ya cika. A ciki zai faɗi ranar cikar, da abin da kake biya yanzu, da abin da za ka koma biya, da tsawon sanarwar da za ka bayar idan za ka tafi, da mafi sauƙin tayin da yake da shi, har da wanda yake yi wa sababbin shiga. Wanda ya ci gaba da zama ba kwantiragi kuma a riƙa tuna masa sau ɗaya a shekara. Doka ce mai kyau, ba a musu. Sai dai a lura da abin da ta tilasta da abin da ba ta tilasta ba: ta ce a nuna maka farashin sabon shiga, ba ta ce a sayar maka a kansa ba. Kana iya ganin fam 26 a jikin takardar, a gefe an rubuta cewa na sababbin abokan ciniki ne kawai, kai naka tayin fam 38.

Ɓangaren talabijin ma sai da aka kai ruwa rana. Kamfanin Sky ya ƙi aika irin wannan sanarwa ga masu kallon tashoshinsa ta tauraron ɗan'adam, yana mai cewa shi shirye-shirye yake sayarwa, ba hidimar sadarwa ba, don haka dokar ba ta hau kansa ba. Ofcom ta yanke a 2022 cewa ta hau, Sky ya ɗaukaka ƙara, kotun sauraron ƙararrakin gasa ta goyi bayan Ofcom a 2023. Kamfani ya ɗauki lauyoyi ya yi shekaru yana shari'a don kada ya aika wa mutum saƙo guda cewa wa'adinsa ya kusa cika. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yawan kuɗin da ke cikin mantuwar mutane.

Da aka fara toshe wannan kafa, sai wata ta buɗe, wadda ma ta fi ta ciwo. Daga 2020 manyan kamfanoni suka shiga saka wani sharaɗi a kwantiragi: duk shekara wajen watan Afrilu farashi zai tashi da adadin hauhawar farashin kayayyaki, a ɗora kashi 3.9 cikin 100 a kai. BT ne ya yi fice da wannan lissafi, saura suka bi sahu, TalkTalk ya sa nasa 3.7. Wasu suna amfani da CPI, ɗaya daga ma'aunan hauhawar farashi na ƙasar, wasu irin su kamfanin wayar salula O2 da Virgin Media suka ɗauki ɗaya ma'aunin, RPI, wanda bisa al'ada ya fi hawa sama. Lokacin da hauhawar farashi take kashi 1 ko 2, ba wanda ya damu. Sai ga 2022, ta kai kashi 11.1 a watan Oktoba, abin da aka yi shekara arba'in ba a gani ba. A bazarar 2023 masu hulɗa da BT da EE da Plusnet suka ga ƙarin kashi 14.4, na TalkTalk 14.2, na O2 a ɓangaren kira da data 17.3. Shekara ta zagayo, BT ya sake ɗora 7.9, Virgin Media 8.8.

A ɗauki wanda ya sa hannu a kan fam 30 a ƙarshen 2022 ƙarƙashin lissafin CPI da 3.9. Afrilun 2023 ya koma fam 34.32. Afrilun 2024 ya koma fam 37.03. Gudun intanet ɗinsa bai ƙaru ba, ba a sauya masa na'ura ba, kuma ba shi da ikon fita kyauta, domin a idon doka ba a sauya masa yarjejeniya ba, shi ya yarda da sharaɗin tun ranar farko. To amma me ya yarda da shi? Ya yarda da lambar da shi bai sani ba, kamfanin bai sani ba, Babban Bankin Ingila ma bai hango ta ba. Binciken Ofcom ya nuna fiye da rabin masu intanet na gida ba su ma san abin da CPI da RPI suke aunawa ba. Kasadar hauhawar farashi, wadda kamfani mai akantoci da masana tattalin arziki ya fi kowa iya ɗauka, ita aka juye kacokan a kan magidanci. Ƙarin 3.9 ɗin kuwa kamfanonin sun ce na zuba jari ne wajen shimfiɗa sababbin wayoyi masu saurin gaske. Aikin shimfiɗar gaskiya ne, ana yin sa, yana kuma cin kuɗi. Tambayar da ba su amsa ba ita ce me ya hana a sa kuɗin a farashin shiga kowa ya gani.

Zuwa Afrilun 2024, kusan shida cikin goma na masu intanet na gida da wayar kwantiragi suna ƙarƙashin irin wannan sharaɗi. A watan Yulin shekarar Ofcom ta yanke hukunci: daga 17 ga Janairun 2025, duk sabon kwantiragi ba za a ɗaura ƙarinsa da hauhawar farashi ko da kaso cikin ɗari ba. In za a yi ƙari, a faɗe shi da fam da kwabo, a faɗi ranar da zai hau, a bayyane, kafin mutum ya sa hannu. Ba a hana ƙari ba, kuma ba a sa masa iyaka ba. Tsofaffin kwantiragi kuma aka bar su kan tsohon lissafi har su ƙare.

Kamfanoni suka karɓi abin hannu bibbiyu. BT da EE suka ce fam 3 a wata duk shekara ga intanet na gida, fam 2 ga talabijin. Virgin Media ya ce fam 3.50. Ba a rufa shekara ba BT ya ɗaga nasa zuwa fam 4 ga masu sa hannu daga tsakiyar 2025, wasu suka bi. Yanzu dai mutum yana iya zama da biro da takarda ya san abin da zai biya, wannan ci gaba ne. Bari mu yi lissafin, domin a nan ake ganin abin da talla take ɓoyewa ko da ta faɗi gaskiya.

A ce tayin fam 28 ne a wata, tsawon wata 24, da ƙarin fam 4 kowane Afrilu. Wata ma'aikaciyar jinya a Manchesta ta sa hannu a farkon Janairu. Wata uku za ta biya fam 28, fam 84 ke nan. Daga Afrilu wata 12 a kan fam 32, fam 384. Sauran wata tara a kan fam 36, fam 324. Jimilla fam 792. Da farashin talla ne ya tsaya, da fam 672 za ta biya. Bambancin fam 120 ne, kuma matsakaicin abin da take biya a wata fam 33 ne. Cikin wata 24, uku kacal ta biya kuɗin da aka rubuta da manyan lambobi. Maƙwabciyarta kuma ta karɓi tayin nan dai a farkon Mayu: wata 11 a kan 28, wata 12 a kan 32, wata guda a kan 36, jimilla fam 728. Tayi ɗaya, kamfani ɗaya, titi ɗaya, amma fam 64 tsakaninsu saboda watan da kowacce ta sa hannu. Ba inda tallar ta yi ƙarya, duk lambobin suna nan a rubuce. Jimillar ce kawai aka bar wa mai saye ya haɗa da kansa, a tsaye, yana riƙe da waya.

Akwai kuma wani gefen da masu kare haƙƙin masu saye suka yi ta nunawa tun kafin dokar ta fara aiki. Ƙarin fam 4 bai san mai ƙaramin ƙarfi ba. Wanda yake kan tsarin fam 60 mai gudun gaske, fam 4 bai kai kashi 7 cikin 100 na kuɗinsa ba. Wanda ya lallaɓa ya ɗauki na fam 24 saboda iya ƙarfinsa ke nan, an ɗora masa kusan kashi 17. Wato ya fi kashi 14.4 ɗin da aka yi ta kururuwa a kansa a 2023, alhali a 2025 hauhawar farashi ta riga ta sauko ƙasa da kashi 4. An gudu ba a tsira ba.

Sannan dokar ta bar wata ƙofa. Kamfani yana iya ƙin faɗar adadin ƙari, ya rubuta kawai cewa farashi yana iya canjawa a cikin wa'adi. In ya yi haka, duk ranar da ya ƙara dole ya ba ka sanarwar kwana 30 da damar fita ba tara. Wannan hanyar Sky ya daɗe yana bi a intanet ɗinsa na gida, inda matsakaicin ƙarinsa na intanet da talabijin ya kai kashi 8.1 a 2023, 6.7 a 2024, 6.2 a 2025. A takarda wannan ya fi adalci, tun da ka samu hanyar fita. A aikace, kwana 30 suna wucewa kamar ƙiftawar ido ga mai aikin dare da yara uku, imel ɗin ma wataƙila yana can cikin tarkacen da ba a buɗewa. A watan Oktoban 2025 kamfanin O2 ya gwada ƙarfin wannan ƙofa a ɓangaren wayar salula: ya riga ya faɗa wa mutane ƙarin fam 1.80 ne, sai ya aiko cewa ya mayar da shi fam 2.50, wanda bai yarda ba yana da kwana 30 ya tafi. Ofcom ta ce ba ta ji daɗi ba, abin ya saɓa wa manufar dokar. Martin Lewis, ɗan jaridar da ya yi suna wajen wayar da kan jama'a kan harkar kuɗi, ya yi tir da shi, har minista ta rubuta wa hukumar takarda. Amma an nuna wa kowa cewa lambar da aka rubuta da fam da kwabo ma tana iya motsi.

Yanzu sai farashi na huɗu, a ce ke ce ma'aikaciyar jinyar nan. Wa'adi ya kusa cika, sanarwa ta zo: kina biyan fam 36, za ki koma fam 55, ko ki sabunta a kan fam 42. Ki shiga manhajar kamfanin, wataƙila ki ga 40. Ki buga waya, wanda ya ɗauka ya ce iyakar abin da kwamfutarsa ta ba shi 39 ne. Ki ce to a rufe, kin samu wani wuri. Nan take sai a ce ki ɗan riƙe, a miƙa ki ga wani sashe wanda aikinsa kawai hana mutane tafiya. Murya ta sauya, a tambaye ki shekara nawa kina tare da su, a yaba miki, a ce bari a duba. Sai ga 33. Ki dage, a ce bari a tuntuɓi manaja, sai ga 30 da ƙarin gudu kyauta. In kika yi ƙarfin hali kika bar sanarwar tafiyar ta tsaya, ba mamaki bayan kwana biyu su kira ki da kansu da abin da ya fi wannan.

Bahaushe ba baƙon ciniki ba ne. A Kantin Kwari mai shadda zai sa suna, ka taya, ya ce albarka, ka juya kamar za ka tafi, ya ce dawo Alhaji, kawo kuɗin. Amma can kowa ya san wasan da ake yi, mai saye ya san sunan farko ba shi ne kuɗin ba, kuma yana iya leƙa shago goma a layi ɗaya cikin rabin sa'a. A nan kuwa an buga farashi a takarda mai tambarin kamfani, an aiko shi da sunan bin doka, yawancin mutane sun ɗauka yankakke ne. Ba inda aka rubuta cewa ana tayawa. Kamfanin ya san abin da kowa a unguwar yake biya, ya san ko akwai wani mai wayoyi a titinku da za ki iya komawa wurinsa, ke kuwa ba ki san abin da aka sayar wa ta ƙofar kusa da ke ba. Rangwamen da mai baki ya samu, daga aljihun mai kunya da mai rauni aka ciro shi. Ni a ganina wannan ne ainihin rashin gaskiyar da ya rage, kuma duk dokokin da aka yi daga 2020 zuwa yau sun zagaye shi ne ba su taɓa shi ba.

Idan aka haɗa talabijin a ciki, lissafin ya ƙara dagulewa. Kamfanoni suna son sayar da dami guda: intanet, tashoshin yau da kullum, ƙwallo, fina-finai, wani lokaci har da Netflix da layin waya. Kowane ɓangare yana iya zuwa da nasa rangwamen da nasa wa'adin. Na intanet ya ƙare a Yuni, na ƙwallo a Oktoba, akwatin ɗaki na biyu kyauta ne na wata shida sannan ya fara ci. Ka kira don ƙara tasha guda a tsakiya, ka tarar an sabunta maka wa'adin wata 24 a kan wani ɓangare, ranakun ƙarewa sun daina haɗuwa, duk lokacin da ka tashi tafiya akwai igiya guda da ta rage a ƙafarka. Ofcom ta sa doka a kan wannan, tun Yunin 2022 kuma wajibi ne a ba mutum taƙaitaccen bayanin kwantiragi a rubuce kafin ya amince. Wannan takardar ita ce abin nema, ba daɗin bakin da aka yi a waya ba. Wanda ya amince ta waya ko ta intanet yana da kwana 14 na sake tunani.

Tsadar ɓangaren ƙwallo tana da asali. A Disambar 2023 aka sayar wa Sky da TNT Sports haƙƙin nuna gasar Firimiya a cikin gida na kaka huɗu, daga 2025, a cinikin da ya kai fam biliyan 6.7, Sky ya ɗauki aƙalla wasa 215 a kaka, TNT 52. Kuɗin nan daga masu kallo zai fito. Abin dariyar shi ne, duk da haka mai biyan tashoshin biyu a Manchesta ba zai ga wasan ƙarfe uku na ranar Asabar kai tsaye ba, saboda tsohuwar ƙa'idar hana nuna shi a cikin ƙasar, alhali matashi a gidan kallo a Fagge yana kallonsa da 'yan canjinsa. Ga kuma lasisin talabijin, kuɗin da ake ɗaukar nauyin BBC da shi, da aka mayar fam 174.50 a shekara a Afrilun 2025, wanda ba ya cikin kowane dami, kuma wajibi ne ga duk mai kallon shiri kai tsaye ko da bai taɓa buɗe BBC ba. Baƙi da yawa ba sa sanin da shi sai wasiƙun gargaɗi sun fara zuwa.

Fita kafin wa'adi kuwa tana da tara, galibi kusan kuɗin watannin da suka rage bayan an ɗebe wani abu. Nan ma an taɓa kama kamfanoni da wuce gona da iri: a Nuwamban 2018 Ofcom ta ci tarar Virgin Media fam miliyan 7, EE fam miliyan 6.3, saboda cajin masu fita fiye da ƙa'ida. Wannan ya shafi namu kai tsaye, domin ɗalibin da karatunsa na shekara guda ne, ko mai hayar wata 12, in ya ɗauki kwantiragin wata 24 don ya fi araha a wata, ranar komawa gida zai tarar da lissafi yana jiransa. In ya yi biris ya hau jirgi, bashin yana iya shiga kundin tarihin bashinsa, ya tare masa hanya ranar da ya dawo neman haya ko layin waya. Sauya kamfani bayan wa'adi ya cika dai ya yi sauƙi tun 12 ga Satumban 2024, lokacin da tsarin sauyi ta hannu guda ya fara aiki bayan jinkirin fiye da shekara: sabon kamfanin kawai za ka tuntuɓa, shi zai sallami tsohon, tsohon kuma ya aiko maka da bayanin duk abin da ya rage a kanka.

Shin ana iya gyara tushen abin? An yi a wani fanni, a ƙasar nan dai. Tun 1 ga Janairun 2022 hukumar kula da harkokin kuɗi ta hana kamfanonin inshorar mota da ta gida su caji mai sabuntawa fiye da abin da za su caji sabon shiga mai irin yanayinsa. Ofcom ba ta bi wannan hanya ba. Hujjar masu adawa da ita ba ta banza ba ce: in aka hana bambanci, garaɓasar sababbin shiga za ta ragu, masu yawo daga kamfani zuwa kamfani su rasa arahar da suke samu, gasar ma tana iya yin sanyi. Gaskiya ne, wani zai biya fiye da yadda yake biya yanzu. Amma arahar tasa dama wata tsohuwa ce da ba ta iya jayayya a waya take biya masa ita. Ko ba a kai ga hana bambanci ba, akwai ƙaramin mataki da ba zai cutar da gasa ba: a tilasta rubuta jimillar kuɗin kwantiragi gaba ɗaya, fam 792 ɗin nan, da girman lambobin da ake rubuta fam 28, a talla da kuma a sanarwar sabuntawa. An taɓa yin makamancinsa a 2016, lokacin da hukumar kula da tallace-tallace ta hana raba kuɗin hayar layi da kuɗin intanet, bayan shekarun da ake tallata intanet kyauta alhali hayar layin tana maƙale a ƙasa da ƙananan haruffa. Kasuwa ba ta rushe ba.

Akwai tsari guda da duk wannan hawa da sauka bai shafa ba, wato rangwamen masu ƙaramin ƙarfi. Wanda yake karɓar tallafin gwamnati na Universal Credit ko Pension Credit yana iya neman sa a yawancin manyan kamfanoni, farashinsa daga wajen fam 12 zuwa 20 da 'yan kai a wata, ba ƙarin Afrilu, ba tarar fita. Miliyoyin gidaje sun cancanta, kaɗan daga ciki ne suka karɓa, domin ba a cika tallata shi ba. Sai dai yawancin namu da suke can da bizar karatu ko ta aiki ba su da izinin karɓar tallafin gwamnati, don haka wannan ƙofar a rufe take gare su. Abin da ya rage musu shi ne kiran waya da dagewa, in kuma aka saɓa abin da aka rubuta, su shigar da ƙorafi a rubuce ga kamfanin. In ya ƙi warwarewa, akwai masu sasanci guda biyu da Ofcom ta amince da su, Communications Ombudsman da CISAS, kowane kamfani dole yana ƙarƙashin ɗaya, kai ƙara wurinsu kyauta ne, kuma hukuncinsu ya hau kan kamfanin idan mai ƙorafin ya amince da shi.